Sifili a Halin Kirki

Idan ana maganar tawali'u, to kowa ya ja da baya, a ba Shugaban makarantarmu wuri. Ba a taɓa yin mai ƙanƙan da kai irinsa ba, kuma wannan ba ji-ta-ji-ta ba ce, daga bakinsa na ji. A ƙofar ofishinsa akwai allon tagulla da aka rubuta "Bawanku Mafi Ƙanƙanta", da haruffa masu girman tafin hannu, don kada na kan titi ya wuce bai ga ƙanƙantar ba. Mutum ne gajere, siriri, amma abin da ya rasa a tsawo Ubangiji ya rama masa a murya, saura kuma takalmi mai tudu ya cika. Yara suna kiransa Baba Maki. Mu malamai muna hana su, sai mun shiga ɗakin malamai mu ɗora daga inda suka tsaya.

Makarantar ta coci ce, kuma shekara goma sha ɗaya Baba Maki yana riƙe da ita kamar mai riƙon ma'auni a kasuwa. Bai san sunan yaro ba, amma ya san makinsa. In ya gamu da kai a baranda sai ya ce, "Kai, Saba'in-da-biyu, ina hularka?" Iyaye kuwa suna son sa, don duk shekara sakamakon jarrabawa yana fitowa fes, a liƙa shi a bakin get, a zagaye shi da jan biro.

Ana nan sai wasiƙa ta zo daga shugabannin ikilisiya. Gajeriya ce, shafi ɗaya. Ta ce makarantun coci su tuna cewa yaro ya fi sakamakon jarrabawarsa, a kula da ƙauna da jinƙai da haƙuri da tawali'u, kuma mai duba makarantu za ta zo ƙarshen zango ta ga yadda ake ciki. Wasiƙar ba ta ce za a ba da kofi ba. Amma Baba Maki ya san ba a yin abu a duniya ba kofi, don haka a ranar ya sa masinja ya matsar da kofunan da ke kan kanta, a bar gurbi a tsakiya.

Washegari bayan addu'ar safe ya hau dandamali, ya gyara kwat, ya buɗe hannu kamar zai rungume filin gaba ɗaya.

"Ya ku 'ya'yana ƙaunatattu! Mene ne maki? Maki ƙura ne! Maki hayaƙi ne! Ni, mafi ƙanƙanta a cikinku, na daɗe ina faɗa a zuciyata cewa ɗan Adam ya wuce lamba. Tun kafin shugabanni su rubuto, ni na riga na gani. Saboda haka daga yau mun bar bautar maki, mun koma ga halin kirki. Kuma don a tabbatar kowa ya koma, daga yau za a fara ba da maki a kan halin kirki!"

Aka yi tafi. Malamar Lissafi, wata doguwar mata mai ƙarancin magana da ke riƙe da aji shida, ita kaɗai ba ta tafa ba. Ta ɗaga hannu ta ce, ita dai lissafi take koyarwa shekara ashirin, amma ba ta san ma'aunin da ake auna ƙauna da shi ba. Baba Maki ya dube ta da tausayi, ya ce ai shi ya sa ita malama ce, shi kuma shugaba.

Tsarin ba wuya. An buga wasu 'yan takardu rawaya, aka ba su suna takardun kirki. Duk yaron da ya yi alheri sai ya nemi malami ya shaida, ya sa masa hannu a takarda, a kai ofis. An kafa jadawalin farashi a baranda. Tsintar takarda a ƙasa maki ɗaya. Gaisuwa da rusunawa maki biyu. Hawaye lokacin addu'a maki uku, in malami ya taɓa ya ji da danshi. Taimakon tsoho biyar, gafarta wa wanda ya cuce ka goma. Can ƙasa, da manyan haruffa: wanke banɗaki, maki hamsin. Wanda kuma bai kai arba'in ba ƙarshen zango, sai ya nemi wata makarantar, don ba za a bar mutum ɗaya ya ɓata wa jama'a kashi ɗari bisa ɗari ba.

Kai jama'a! Ban taɓa ganin kirki ya ɓarke a wuri kamar yadda ya ɓarke a makarantar nan ba. Yaro zai yaga littafinsa ya watsar, ya laɓe, sai ya hango malami sannan ya fito yana tsinta yana nishi. Ba ka isa ka je banɗaki ba tare da an gaishe ka sau tara ba, kowa da takardarsa da biro. Akwai wata tsohuwa mai sayar da alewa a bakin get, a rana ɗaya aka tsallakar da ita titi sau bakwai, ita ba inda za ta, har ta tattara farantinta ta canza unguwa.

Gafara ce ta fi kawo riba, sai dai ita tana bukatar a fara cutar ka. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Yara suka haɗa kai bibbiyu: ka mare ni in yafe, in mare ka ka yafe, kowa ya tashi da goma. Lokacin hutun tara sai ka ji fili ya kaure, tas, tas, na yafe, na yafe. Baba Maki yana tsaye a taga yana share ido da hankici, yana cewa bai taɓa zaton zai ga wannan rana ba.

A wajen tawali'u ne aka ɗan samu cikas. Duk yaron da ya zo na ɗaya sai ya fara taƙama, a rage masa, na biyu ya hau, shi ma ya fara. Baba Maki ya ga abin zai lalata yara, sai ya sadaukar da kansa, ya ɗauki na ɗayan. Don ya tabbatar da cancanta, wata Asabar ya zo da mai hoto. Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa a bakin banɗakin malamai, wanda aka riga aka wanke da safe, ya riƙe buroshi ta wajen da bai dace ba, ya kalli sama kamar mai jin kira. Aka ɗauka sau goma sha huɗu kafin fuskar ta yi ƙanƙan da kai yadda yake so. Aka wanke hoton da girman ƙofa, aka rataye shi a babban zaure, ya sa wa kansa hannu a takardar maki hamsin. Daga nan duk baƙon da ya yaba tsabtar banɗakunanmu, sai Baba Maki ya sunkuyar da kai ya nuna hoton.

Banɗakunan kuwa da gaske tas suke, su goma sha biyu. Aikin Inna Mai Shara ne, wata gwauruwa da ke zaune da 'yarta a ɗaki ɗaya bayan kicin. Ɗakin na aikin ne, gurbin 'yar a aji ma na aikin ne, kuma dokar Baba Maki ce duk ma'aikacin da ya yi mako ɗaya bai fito ba a ɗauki wani. Shi ya tsara mata kayan aiki da kansa: doguwar riga koriya har ƙasa, hula mai rufe kunne, da takunkumi. Safar hannu ce kawai ya ce almubazzaranci ne. Kullum ƙarfe bakwai saura in motarsa ta shigo, yakan hango koriyar rigar a sunkuye kan bokiti, ya sauke gilashi da faɗin yatsa biyu ya ce, "Sannu Inna, Ubangiji yana ganinki!" Sai ya ɗage gilashin kafin warin ya shigo.

To, 'yar tata ita ce ta zame wa Baba Maki ƙashin kifi a wuya. Yarinya ce 'yar shekara goma sha uku a aji shida, yara suna ce mata Shiru-Shiru. Zango ya yi nisa, allon kirki ya cika da lambobi, mai ɗari biyu, mai ɗari uku, amma gaban sunanta sifili, zagayayye kamar bakin tulu. Ko takarda ɗaya ba ta taɓa kaiwa ba. Ga gyangyaɗi a darasin farko, ga hannu kullum a ɓoye cikin aljihu. An mare ta ma sau biyu don a taimaka mata ta samu na gafara, ta yafe, amma ba ta je neman sa hannu ba.

Malamar Lissafi ta je ofis sau uku tana roƙo. Ta ce yarinyar ta fi kowa hali a ajinta. Baba Maki ya ce ina takarda? Ta ce akwai abin da ta sani, amma ta yi alkawari ba za ta faɗa ba. Ya ce, "Malama, alherin da ba shi da shaida, ta yaya za mu san an yi shi? Ni kaina da nake wanke banɗaki, ai sai da na kawo mai hoto." Ya sa aka buga takardar sallama, ya ce za a miƙa ta ranar taro, a gaban baƙuwa, don a ga makarantar nan ba ta wasa da tarbiyya. Malamar ta fito idonta jajir.

Ranar taro ta zo. Zaure ya cika da iyaye da dattawan coci, mawaƙa sun yi layi da fararen riguna. Mai duba makarantun ta iso a motar haya, ba a motar ofis ba, abin da ya ɗan sosa ran Baba Maki don ya shirya yara su buɗe mata ƙofa a ba su biyar-biyar. Tsohuwa ce tukuf, tsohuwar malama, da tabarau mai kauri da jaka ta roba. Malamai na ko'ina suna kiranta Kaka Sufeto. Ba ta zo da kofi ba. Baba Maki ya leƙa jakar sau biyu, ya yanke cewa a baya za a aiko.

Ya yi jawabi na sa'a ɗaya da kwata a kan illar yawan magana. Ya sanar cewa a zango ɗaya makarantar ta samar da ƙauna mai nauyin maki dubu arba'in da ɗaya, an yi gafara sau dubu da ɗari shida, abin da ko a zamanin manzanni bai ji an ƙirga ba. Sannan ya sauke murya, ya ce amma ko a gona mai kyau ba a rasa ciyawa. Ya kira Shiru-Shiru. Ta hau dandamali, hannu a aljihu, kai a ƙasa.

"Ku dube ta! Wata uku cur, ko tsinke ba ta ɗaga wa wani ba. Sifili! Zuciyata tana zubar da jini, amma makiyayi nagari ya san lokacin da zai buɗe ƙofar garke. Tsaya nan, 'yata, kada ki sauka. Ina so ki ga yadda mutanen kirki suke, ko kya tafi da darasi."

Ya ɗauko wata takardar yabo mai firam. Ya ce lambar ma'aikacin da ya fi kowa a bana ta mai sharar makaranta ce. Ya duba takardar don ya faɗi sunanta, ya ga ashe shi ma magatakarda "Mai Shara" ya rubuta, sai ya yi tari ya wuce.

"Wannan baiwar Allah, ba ta taɓa fashin rana ɗaya ba. Ni shaida ne! Kullum da idona nake ganinta, kullum muna gaisawa, ina ƙarfafa ta. Ko yau da safe mun yi hira. Ta ga misalin da na bayar," ya nuna hoton, "ta ɗauka. Inna, fito, kada ki ji kunya!"

Shiru. Aka waiga, ba koriyar riga. Mai gadi ya kama kallon silin, Malamar Lissafi ta rufe fuska da tafin hannu. Baba Maki ya ce kun gani, tawali'u ne ya hana ta, daga wajensa ta koya. Ya sake kira.

Sai ƙofar baya ta buɗe. Mai dafa abinci ce ta shigo, riƙe da wata mata da ke dogara sanda, tana jan ƙafa ɗaya, ta rame har zanen jikinta yana neman zamewa. Ashe tun da aka kira yarinyar mai dafa abincin ta ruga bayan kicin ta faɗa mata. Tafiyar daga ƙofa zuwa gaban dandamali ta ɗauki lokaci. Shiru-Shiru ta ɗago kai, a karo na farko muka ji muryarta da ƙarfi: "Inna, don Allah ki koma! Ki koma ki kwanta!"

Matar ba ta koma ba. Ta tsaya tana haki, ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ce mai sharar. Wata uku ke nan ban ɗaga bokiti ba, tun da na faɗi bayana ya riƙe. Yarinyar nan ce take sa rigata tun da asuba, ta wanke duka, ta cire, ta shiga aji. Ta hana a faɗa don kada a kore mu daga ɗakin. To a kore ni, na yarda. Amma kada a ce 'yata ba ta da kirki."

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Baba Maki ya gyara kwat, ya dubi takardar yabon da ke hannunsa. Daga ƙarshe ya ce, ai ka'ida ka'ida ce, da ta kawo takarda...

Kaka Sufeto ta miƙe a hankali. Ba ta dube shi ba. Ta je wajen yarinyar ta ce, "Jikata, ba ni hannunki in gani." Yarinyar ta fito da su daga aljihu. Duk sun tsattsage, fatar yatsun ta saɓule saboda maganin wanke masai. Tsohuwar ta riƙe su ta daɗe, har ta cire tabarau ta goge. Sannan ta juya ta tambayi Shugaba, da murya mai sanyi, nawa ne ma makin wanke banɗaki a jadawalinsa? Ya ce hamsin. Ta ce banɗaki nawa ne? Sha biyu. Kwana nawa? Kafin ya yi magana Malamar Lissafi ta miƙe daga kujerarta ta ce kwana sittin na makaranta, ya kama dubu talatin da shida, ban da Asabar. Shekara ashirin tana koyarwa, ban taɓa ganin ta ji daɗin lissafi kamar na ranar ba.

Kaka Sufeto ta ce ita ba ta zo ƙirga ba, amma tun da nan gidan ƙirga ne, ta lura yarinya ɗaya mai sifili ta kusa kamo makarantar gaba ɗaya har da shugabanta. Ta karɓi takardar sallamar, ta ninke ta huɗu, ta jefa a jakarta ta roba. Ta ce a sauke allon, a kwashe takardun rawaya a kai kicin a hura wuta. Inna za ta zauna a ɗakinta, coci zai kai ta asibiti, aikinta yana jiranta har ta warke. Yarinya kuma ta koma aji, ta riƙa barci har gari ya waye kamar 'ya'yan mutane.

Wani dattijon coci ya ce to, kafin Inna ta warke, wa zai riƙa wankin? Tsohuwar ta mayar da tabarau, ta ɗaga kai ta dubi hoton nan mai girman ƙofa, ta daɗe tana dubawa.

"Ai ba sai mun nema a waje ba," in ji ta. "Ga ƙwararre Ubangiji ya ba mu a gida. Sai dai a bar mai hoton ya huta."

Aka yi tafin da bai taɓa samun irinsa ba, kuma wannan karon har da Malamar Lissafi. Wanzami dai ba ya son jarfa, amma a gaban iyaye da dattawa, ƙarƙashin hoton kansa, Bawanku Mafi Ƙanƙanta bai ga ƙofar fita ba. Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo, ya ce dama abin da zai roƙa ke nan.

Ranar Litinin na yi sammako, ba don komai ba sai don gani ya kori ji. Na same shi a banɗaki na huɗu. Takalmi mai tudu ba ya shiri da ruwa, don haka ya cire, ya koma tsawon da aka halicce shi. Koriyar rigar ta zauna masa daidai, kamar don shi aka ɗinka, ga hula har kunne, ga takunkumi. Shiru-Shiru ta zo ta nuna masa ta inda ake riƙe buroshi, ta ajiye masa tsumma ya naɗe hannu, ta tafi aji ba ta ce a sa mata hannu ba.

Bakwai saura sai ga motar shugaban ƙungiyar iyaye, babban amininsa, wanda suke zama kujera ɗaya a coci. Baba Maki ya ɗan ɗago daga kan bokiti, ya gyara tsayuwa, ko banza dai yau a samu shaida guda. Motar ta rage gudu. Gilashi ya sauka da faɗin yatsa biyu.

"Sannu Inna, Ubangiji yana ganinki!"

Gilashin ya ɗage, motar ta wuce.